Tsuntsun teku a inda ba a san shi ba: ɓata ya yi ko da gangan ya je?

Mai Madubi:
Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya wani hoto ya hana ni sakat. Wani dogon dutse ne a bakin teku, a Bempton da ke gabashin Ingila, fararen tsuntsayen nan da ake kira ganet sun cika shi maƙil, kowa a kan sheƙarsa. A tsakiyarsu sai ga wani daban: bayansa baƙi, bakinsa rawaya mai ɗan ja a tsini, ga wani baƙin layi a kan idonsa kamar an rambaɗa masa kwalli. Albatros ne, babban tsuntsun teku, irin wanda ake ce wa mai baƙar gira. Gidan iyayensa na can ƙasan duniya, tsibiran Falkland da South Georgia da kudancin Chile, tafiyar fiye da kilomita 12,000. A wannan dutse ya shafe lokacin zafi na 2021 da 2022, kuma tun 2014 ake ganin wanda ake kyautata zaton shi ne a tsibirin Heligoland na Jamus. Duk inda na karanta labarinsa sai in ga an ce wai ya ɓata. To ni tambayata: wanda yake komawa dutse ɗaya kowace shekara, ba kuskure, shi ne ɓatacce?

Ɗan Gardama:
Wa'alaikumus salam. Malam, ai wannan ba ta kai tambaya ba. Tsuntsun da ya baro danginsa, ba mata, ba ɗa, yana zaune cikin waɗanda ba sa jin yarensa, in ba ɓatacce ba mene ne? Iska ce ta kwaso shi ta watsar, shi ke nan.

Auta:
Ni dai abin da ban gane ba, tunda fiffike gare shi, me ya hana shi juyawa ya koma inda ya fito?

Tsohon Ɗan Jirgi:
Auta, tambayarka ta fi ta yayanka ma'ana. Na yi shekaru ina aiki a jirgin dakon kaya, kuma na sha ratsa tsakiyar duniya. In kuna can kudu, inda iska ba ta hutawa, za ka ga albatros ya biyo jirgi tun safe har faɗuwar rana. Ka tsaya a bayan jirgi ka zuba masa ido, sai ka ƙirga minti biyar, goma, bai kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba. Ya sauko har tsinin fiffikensa ya kusa shafar ruwa, ya juya ya fuskanci iska ta ɗaga shi sama, ya karkata ya sake gangarowa. Haka zai wuni. Amma da zarar kun doshi arewa, iska ta fara sanyin jiki, wata safiya za ka fito ka tarar babu shi. A kusa da layin ikwaita akwai yankin da iska takan mutu murus, teku ya kwanta kamar madubi, hayaƙin jirgi ya miƙe sama sak. Masu jiragen filafilai na dā sukan yi makonni a nan ba gaba ba baya. Wannan wurin shi ne katangar albatros. Wanda ƙaddara ta ƙetarar da shi, komawar ce aiki.

Malamar Kimiyya:
Baba ya gama magana a kan wannan, ƙari kawai zan yi. Faɗin fikafikan mai baƙar gira ya haura mita 2, kuma a kafaɗarsa akwai wata jijiya da take kulle fiffiken idan ya buɗe, shi ya sa shawagi ba ya cin ƙarfinsa. An halicce shi ne don hawa iska. Kaɗa fiffike na dogon lokaci kuwa yana gajiyar da shi da wuri.

Amma Yaya Ɗan Gardama, kalmar ɓata ɗin nan ina da ja a kanta. A 1952 an ɗauko wani tsuntsun teku, shiyawota na Manx, daga raminsa a tsibirin Skokholm na Wales, aka sa masa zobe a ƙafa, aka kai shi birnin Boston na Amurka a jirgin sama aka sake shi. Kwana 12 da rabi ya yi sai ga shi a raminsa, bayan ya ratsa kimanin kilomita 5,000 na tekun da babu ko alama. Har ya riga wasiƙar da aka aiko don sanar da cewa an sake shi isowa. Dangin waɗannan tsuntsaye ba su san ɓatan kai irin namu ba.

Ɗan Gardama:
Yauwa Malama, kin kawo mini hujja da hannunki. Wancan ya koma gida. Wannan bai koma ba. Ke nan wancan ya san hanya, wannan bai sani ba.

Malamar Kimiyya:
A'a. Rashin sanin hanya daban, toshewar hanya daban. Wanda kogi ya cika ya raba shi da gida ya san inda gidan yake sarai.

Mai Madubi:
Bari in ƙara muku wani abu, don na Bempton ba shi ne farau ba. A 1967 wani mai baƙar gira ya sauka a Bass Rock na ƙasar Sikotilan, shi ma cikin ganet. Daga 1972 kuma aka riƙa ganin ɗaya a Hermaness, can ƙarshen arewacin tsibiran Shetland, yana zuwa kusan kowace shekara har 1995, kuma da yawa suna ganin shi ne dai na Bass Rock. Sheƙa yake ginawa ya hau ya zauna. Yana yi wa ganet rawar neman aure irin ta gidansu, ya sunkuyar da kai, ya baza jela, ya yi kuka, su kuwa ko kallo bai ishe su ba, in ya matsa kusa ma su kai masa sara. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to wannan ya yi fiye da shekara 20 yana yi ba mai amsawa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na tsibiran Faroe. Daga 1860 zuwa 1894, shekara 34, wata albatros tana zuwa da ganet tana tafiya da su, har mutanen wurin suka sa mata suna sarkin ganet. A ƙarshe wani ya harbe ta.

Auta:
Innalillahi. Shekara 34? Ashe suna daɗewa haka? Kuma me ta yi masa da zai harbe ta?

Malamar Kimiyya:
Suna daɗewa ƙwarai, ƙanena. Akwai wata albatros ta Laysan a tsibirin Midway na tekun Fasifik, ana kiranta Wisdom. Masanin tsuntsaye Chandler Robbins ne ya sa mata zobe a 1956, kuma a ƙarshen 2024 an gan ta ta sake yin ƙwai, shekarunta sun haura 70. Batun harbi kuwa, a wancan zamani haka ake yi. Babu kyamarar kirki, hujjar ganin baƙon tsuntsu ita ce gawarsa.

Tsohon Ɗan Jirgi:
Ana cewa baƙo raɓa ne. Wannan raɓar kam ta kwana ta wuni ta shekara.

Ɗan Gardama:
To na ji na albatros. Amma mu daina yi wa abin ado. Yawancin waɗannan baƙi guguwa ce take jefo su. A Amurka duk sanda mahaukaciyar guguwa ta shigo tudu, washegari masu kallon tsuntsaye sukan bazama tafkuna da madatsun ruwa, saboda sun san za su tarar da tsuntsayen tsakiyar teku a can, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Tsuntsu ya shiga cikin idon guguwar inda ake da lafawa, bangon iska ya kewaye shi, ba damar fita, sai inda ta sauke shi. A Ingila ma bayan babbar guguwar Oktoban 1987 an ga tsuntsayen teku birjik a tafkunan cikin ƙasa. Yawancin irin waɗannan mutuwa suke yi. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne, hatsari ne.

Malamar Kimiyya:
A nan ban musa maka ba ko kaɗan. Tsuntsun da ya saba kamun abinci a ruwan gishiri, idan ya faɗo tafki a gajiye, da wuya ya kai labari. Abin da nake cewa kar a zuba su duka a kwando ɗaya. Wanda guguwa ta yar daban, wanda ya ƙetare ya kasa komawa daban, akwai kuma na uku: matashi mai yawo. 'Ya'yan albatros idan sun bar sheƙa sukan yi shekaru a kan teku ba su taka ƙasa ba, kuma matasan su ne suka fi nisan kiwo. Dubu za su yi yawon banza, amma in biyu suka haɗu a sabon wuri, an kafa gari. Albatros na Laysan a Hawaii da tsibiran da ke yamma da ita aka san shi da ƙyanƙyasa. A 1983 sai aka tarar ya fara sheƙa a tsibirin Guadalupe na Meziko, dubban kilomita gabas. Yau ga zuriya can. Na farkon da ya sauka a wurin, da mun gan shi da ɓatacce za mu kira shi.

Kuma ga misalin da kowa ya sani, ko da yake ba ta teku ba ce: balbela. Babu ita a nahiyar Amurka a dā. Da fiffikenta ta ƙetare Atlantika, aka fara ganinta a Suriname a 1877, zuwa 1953 tana ƙyanƙyasa a Florida. Yanzu tana bin shanu tun daga Kanada har Ajantina.

Ɗan Gardama:
Balbela garke take tafiya, Malama. Namu na kan dutse shi kaɗai ne tilo. Da wa zai kafa garin?

Mai Madubi:
Wannan kam ka kama ta. Sai dai a tuna, an tono ƙasusuwan albatros a tsibirin Bermuda, shaidar cewa sun taɓa yin mazauni a arewacin Atlantika shekaru kusan 400,000 da suka wuce. Wurin ba haramtacce ba ne gare su. Ranar da mace da namiji suka dace da dutse ɗaya, labari zai canza.

Ɗan Gardama:
Tun 1860 ake jiran ranar.

Auta:
Yaya Ɗan Gardama ba ka da dama. Ni tambayata ta biyu: na ji ana cewa duk ɗumamar yanayi ce ta jawo wannan. Gaskiya ne?

Malamar Kimiyya:
Wani ɓangare dai. Misalin da aka fi kawowa shi ne ganet ɗin da ya bayyana a tsibiran Farallon, kusa da San Francisco, a 2012. Ganet na arewa tsuntsun Atlantika ne, ba ya son ratsa tudu, kuma ba a taɓa tabbatar da shi a wannan gefen na Fasifik ba sai lokacin. Masana da dama suna ganin ta saman Kanada ya bi, ta mashigin arewa maso yamma, inda ƙanƙarar da take toshe hanya ta riƙa narkewa a lokacin zafi. Tsuntsun da yake nutso ya kamo kifi ba zai iya bin tekun da ƙanƙara ta rufe ba, amma in ruwa ya buɗe, hanya ta samu. Ta ɗaya gefen kuma, a Satumban 2009 an ga fafin mai tukku, wani tsuntsun teku ɗan Fasifik, a gaɓar Kent ta Ingila. Ba tsuntsaye kaɗai ba ma: a 2010 an ga wani irin kifin whale mai ruwan toka, wanda a Fasifik kawai ya rage, yana iyo a Bahar Rum kusa da Isra'ila.

Ɗan Gardama:
To ni a nan nake da matsala da masu wannan magana. Komai aka gani sai a ce yanayi. A 1979 an ga wani tsuntsun tsibiran Aleutian na Alaska a tsibiran Farne na Ingila. A 1990 wani ɗan ƙaramin mai nutso na Fasifik, murelet, ya bayyana a tsibirin Lundy na Ingila, ya kuma dawo a 1991 da 1992. Lokacin ƙanƙarar ba ta narke kamar yanzu ba. Ta ina suka bi? Sannan ku duba yawan idanu. A dā mutum nawa ne ke zaune a bakin teku da madubin hangen nesa? Yau kowa da kyamara a aljihu, ga manhajar eBird ta masu kallon tsuntsaye da aka buɗe tun 2002, mutum ya ɗauki hoto yanzu, kafin ya sauko daga dutse duniya ta gani. Ko tsuntsayen ba su ƙaru ba, labarinsu dole ya ƙaru.

Malamar Kimiyya:
Yau kam ka burge ni. Gaskiya ne, baƙo ɗaya ba ya zama hujjar sauyin yanayi. Shi murelet ɗin ma an san shi da ratsa tudu, ana tsintarsa a manyan tafkunan Amurka ta Arewa, don haka ba ya buƙatar ƙanƙara ta narke. Abin da ake dubawa shi ne maimaituwa. Bubi mai ruwan ƙasa tsuntsun teku ne na wurare masu zafi. A 2019 an gan shi a Kent da Cornwall, daga nan kuma sai ga shi ana ta ƙara ganinsa a arewacin Turai da gabashin Amurka ta Arewa. A Agustan 2023 har aka ga bubi mai jan ƙafa da mai ruwan ƙasa tare a hasumiyar fitilar Bishop Rock ta tsibiran Scilly na Ingila. In abu ya zo sau ɗaya ka ce dace ne, in yana ta zuwa daga gefe ɗaya kuma, ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon Ɗan Jirgi:
Kun manta da mu. Jirgi ma yana ɗauko su. Bubi musamman, ba shi da tsoron mutum, sai ya sauka a kan ƙarfen gaban jirgi ya mai da wurin gida, yana kamun kifayen nan masu tashi da jirgi yake firgitawa, ya dawo ya zauna ya ɓata mana fenti da kashi. Kwana uku, huɗu, kun yi nisa da inda ya hau.

Ƙananan kuwa fitila ce take jawo su. Wani dare mai hazo na fito zagaye, na ji wani abu yana motsi a gindin igiya. Na haska tocila sai ga ɗan baƙin tsuntsu, bai fi cikin tafin hannuna ba, yana jan ƙirji a ƙasa don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa a kan tudu. Da na ɗaga shi sai ya amayo mini wani mai ja-ja a hannu, warinsa ya kwana biyu bai bar rigata ba. A saman bakinsa akwai ɗan bututu kamar an ɗora masa guntun kara. Na sa shi a kwali na rufe, da muka rage fitilu na kai shi gefen jirgi na buɗe hannu. Ko sallama babu.

Malamar Kimiyya:
Baba, fetirel ɗin guguwa kuka riƙe. Wannan bututun hancinsa ne, ta nan yake fitar da gishirin ruwan tekun da yake sha, kuma da shi yake shinshino abinci daga nesa. Man da ya amayo muku makaminsa ne, kuma guzurinsa.

Tunda kun kawo shi, ga labarin da ya fi kowanne rikita ni. Akwai irinsa da ake kira na Swinhoe, wanda aka sani yana ƙyanƙyasa a tsibiran Koriya da Japan da gabashin Rasha, ya yi hijira zuwa tekun Indiya. A 1983 aka kama ɗaya a tsibiran Selvagens kusa da Madeira. A 1989 masu sa wa tsuntsaye zobe a Tynemouth, arewa maso gabashin Ingila, suna kunna kukan fetirel da dare don su jawo su cikin raga, sai ga irinsa. Mace ɗaya ta riƙa dawowa wannan raga kowace shekara daga 1990 har 1994. Sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta kafin a yarda ko wace ce. Tun daga nan ana ta kama wasu jefi-jefi a Atlantika, har wasu masana suna zargin suna da ɗan mazauni a can da ba a gano ba. In haka ne, tsuntsun bai ɓata ba, taswirarmu ce ba ta cika ba.

Ɗan Gardama:
Zargi dai. A nuna mini ƙwai.

Auta:
To in an tsinci irin wannan baƙo a galabaice, ba sai a mayar da shi gida a jirgin sama ba? Ni tausayi suke ba ni wallahi.

Mai Madubi:
An gwada, Auta. A Satumban 2016 an tsinci bubi mai jan ƙafa a gaɓar St Leonards a kudancin Ingila, ya rame. Aka yi jinyarsa watanni, aka sa shi a jirgin sama zuwa tsibiran Cayman, ya mutu a killace kafin a sake shi. A 2011 kuma wani fengwin, babban tsuntsun nan na Antatika da ba ya tashi sama, ya fito a gaɓar Peka Peka ta New Zealand ya kama cin yashi, ana jin ya ɗauka ƙanƙara ce. Sai da aka yi masa aiki a gidan namun daji na Wellington, aka kai shi tekun kudu a jirgin ruwa aka sake shi da na'urar bin sawu a jikinsa. Bayan 'yan kwanaki na'urar ta yi shiru.

Wanda ya fi dacewa a ganina shi ne na 2007. Albatros mai rawayan hanci, ɗan tsibiran Tristan da Cunha, ya faɗo a Brean da ke Somerset ta Ingila. Aka ba shi masauki dare ɗaya, washegari aka kai shi bakin teku aka sake shi. Bayan 'yan kwanaki masu kamun kifi suka ɗauki hotonsa a wani tafki a Lincolnshire, ya ratsa ƙasar ke nan. Masu kallon tsuntsaye kuwa ba su ji labari ba sai da ya tafi, har yau wasunsu ba su huce ba.

Ɗan Gardama:
Ni ra'ayina, a yi jinya in ya jikkata, a sake shi inda aka same shi. Kuɗin tikitin tsuntsu ɗaya gara a kashe shi wajen kawar da ɓeraye daga tsibiran da suke ƙyanƙyasa, ko a gyara ƙugiyoyin jiragen kamun kifi da suke nutsar da albatros dubbai kowace shekara. Ana kuka a kan ɗaya da ya zo inda kyamara take, dubu suna mutuwa inda ba mai gani.

Tsohon Ɗan Jirgi:
Yaro, yau ka yi maganar manya.

Malamar Kimiyya:
Har ila yau akwai batun cuta. Tun da murar tsuntsaye ta yi ɓarna a mazaunan tsuntsayen teku a 2022, har da Bass Rock ɗin da Malam ya ambata, ɗaukar tsuntsu daga wata nahiya zuwa wata ba abin wasa ba ne. Auta, ko taɓa wanda ka tsinta a galabaice kar ka yi da hannu tsirara.

Auta:
Na ji, Anti. Amma ta yaya ake tabbatarwa mutum ya ga abin da ya ce ya gani? Ai kowa zai iya cewa ya ga albatros.

Mai Madubi:
Masu kallon tsuntsaye suna da kwamitocin tantancewa. Na Birtaniya tun 1959 yake aiki: ka aika bayani da hoto, su duba, su karɓa ko su ƙi. Kuma ko masana sukan yi kuskure. A Yulin 1953 an kama wani tsuntsun teku da ake kira firiget a galabaice a tsibirin Tiree na Sikotilan, ya mutu, aka rubuta shi a matsayin irin na yankin Karebiyan, aka adana fatarsa a gidan tarihi a Edinburgh. Sai bayan kusan shekara 50 aka sake ciro ta aka duba da kyau, aka gane ashe ɗan tsibirin Ascension ne, can tsakiyar kudancin Atlantika, wanda ya fi wancan ƙaranci nesa ba kusa ba. A 2013 wani irinsa ya sake bayyana a tsibirin Islay na Sikotilan, shi kam an samu hotonsa da ransa.

Ɗan Gardama:
Shekara 50 a cikin akwati da sunan wani. To Malama, shi wannan a wane kwandon naki za ki sa shi, na guguwa, na makale, ko na mai kafa gari?

Malamar Kimiyya:
Dukansu biyu matasa ne, dukansu a watan Yuli, kuma tsibiran biyu ba su da nisa da juna. Shekara 60 tsakani. Ka ba ni na uku tukuna.

Ɗan Gardama:
Mu haɗu a 2073 ke nan.

Tsohon Ɗan Jirgi:
Ku dai ku haɗu. Auta, in ka je ka ɗauki hoton ƙasan fiffiken, nan ne ake bambance su.